Zoben Nurhayat

A babbar kasuwar Istanbul mai rufi,
lungu na uku bayan masu darduma,
nan nake riƙe wa Garbis wuta,
tsohon da idonsa na dama ya ƙanƙance
don shekara arba'in na leƙen ɗan madubi.

Ranar Talata ana ruwa
wata mata ta shigo, lemarta na ɗiga.
Nurhayat, ta ce, daga Uskudar.
Ta murɗa zobe a yatsa, ya ƙi,
ta murɗa, ya fito, ya bar mata shaida,
ta aje shi a kan gilashi kamar mai kai ƙara.

"Fari ne fat ranar da ya ba ni.
Duba cikinsa yau, ya koma rawaya.
Shevket ya yi hunturu biyu a jirgin fito
yana jan igiya da hannu a tsage
kafin ya biya wannan.
Faɗa mini, an cuce shi?"

Garbis bai amsa ba.
Ya aike ni shayi.
Na dawo na iske shi yana goga zoben a baƙin dutse,
ya ɗiga ruwa mai cizo, ya jira.
Layin bai gushe ba.
Sai an gwada akan san na ƙwarai.

"'Yar'uwa, babu ramin da aka taɓa haƙa
aka ciro zinariya fara.
Rawaya Allah Ya yi ta.
Mu ne muke narka ta, mu yi mata gami
da faladiyam ko nikel har ta kwantar da launi,
sa'annan mu yi mata wankan rodiyam,
riga ce da ba ta kai kaurin numfashi a kan madubi ba.
Riga kuwa tana tsufa."

Ya miƙa mata madubin.
"Karanta. Ɗari bakwai da hamsin.
Cikin kashi huɗu, uku zinariya ce.
Mijinki ya sayi gaskiya."

Ta daɗe tana kallon lambar.
Sannan, murya ƙasa-ƙasa: "In na sayar fa?"

Sikeli ya ce giram huɗu da 'yan kai.
Garbis ya dubi allon farashi
mai sauya magana kafin shayi ya huce,
ya rubuta a bayan takarda, ya juya mata.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Mai saye yana biyan abu huɗu:
nauyi, da gumin maƙeri,
da hayar shago, da sunan da ke kan akwati.
Mai sayarwa abu ɗaya ake biyansa.
Tukunyar narki ba ta san gumi ba,
ba ta san akwati ba,
ba ta san Shevket ba."

Ruwa ya ƙaru a kan rufin.
Ni dai na sa ido a kan wutata.

"Ko kuwa ki bar shi zuwa la'asar,
yaron nan ya goge, ya sake masa wanka,
kuɗin bai wuce na kifi biyu ba.
Zai fito kamar ranar farko."

Ta juya zoben.
Rawayar tana daidai inda yake gugar
hannun butar shayi, da igiyar shanya,
da ƙarfen gadon asibiti, makonni tara.

"Albarka," ta ce,
ban san ko da farashin take ba, ko da wankan.
Ta tura shi ya wuce gaɓa da ƙyar,
ta shanye shayin da ya yi sanyi,
ta tambayi ƙofar da ta fi kusa da tasha.

Garbis ya yage takardar.
Ya ce in share ruwan da lemarta ta bari
kafin wani ya zame.