Sarakuna Biyu a Aljihu

A ɗakin kwanan 'yan haƙar zinariya a Welkom
gado shida ne, murhu ɗaya, taga ɗaya.
Ramaili ke kwana a sama, Mangaliso a ƙasa,
ni ina lungu, ɗan Mozambik,
wanda ƙasarsu ba ta da sarki,
shi ya sa suka naɗa ni alƙali ba da sona ba.

Kowannensu da sarkinsa a aljihu,
a jikin tsohuwar takardar kuɗin gida.
In an gama tuwon masara
sai su shimfiɗa su kan akwati, gardama ta tashi.

Mangaliso, ɗan Eswatini, ya ce:
"Namu zaki ne. In ya yi gyaran murya, doka ta zauna.
Ba ya jiran majalisa, majalisa ke jiransa.
Naku fa? An ba shi kujera, an ɗauke sanda.
A kawo takarda, ya sa hannu.
Wannan ai hoto ne mai numfashi."

Ramaili, ɗan Lesotho, ya gyara bargonsa a kafaɗa,
ba ya magana sai taba ta kama.
"Mu mutanen tsauni ne," ya ce,
"dokin da ba linzami ba ma hawa gangare da shi.
Namu sarki ne, amma akwai littafi bisa kansa.
In firaminista ya ɓata mana
da yatsa mai tawada muke sauke shi.
Sarkin yana nan kamar dutsen bayan gari:
ba ya shuka, ba ya girbi,
amma da shi muke gane hanyar gida."

"Nawa kuka sauke?" in ji Mangaliso.
"Kuna sauya gwamnati kamar safa,
ga ka nan dai cikin rami ɗaya da ni."
Ramaili bai amsa ba. Gaskiya ba ta son ƙari.

Haka muka ci damina biyu.

Sai wata Laraba waya ta yi ƙara.
Mangaliso ya fita da ita, ya daɗe,
ya dawo ya zauna bai cire takalmin aiki ba.
An ce wa mahaifiyarsa ta tashi daga gonar,
rake za a shuka, umarni daga sama ne.
Ƙaninsa ya ɗaga murya a taro,
yau kwanansa uku ba a gida ba.

"Ka kai ƙara," in ji Ramaili a hankali.
"Ƙarar wa? Gaban wa?
Mai gonar shi ke da kotun,
shi ke da hanyar da za ta kai ni kotun."

Na zaci Ramaili zai ce, ka gani?
Sai ya jawo jakarsa ya fito da wata takarda
da ninki ya kusa raba ta huɗu.
Madatsar ruwa ta ci filin kakansa.
Shekara tara yana bin diyya.
Yana da lambar fayil. Ya haddace ta.
Ya taɓa zagin minista a rediyo, ya kwana a ɗakinsa.
Kuɗi kuwa, ko sisi.

Suka juyo gare ni, wai in yanke.
Me zan yanke? Namu ba ya sa kambi,
amma uwata ma ta san tashi ba shiri.
Na ce: ɗaya na bugun ƙofar da ba a buɗewa,
ɗaya ko ƙofar ba a yi masa ba.
Mangaliso ya ce, "Duk a waje muke kwana."
Ramaili ya ce, "Ni dai ina jin motsi a ciki."

Ƙarfe huɗu jiniya ta yi kuka.
Muka kunna fitilun goshi, muka shiga keji.
Kafin ya sake mu cikin duhu
na ji Mangaliso yana tambaya a ƙasa-ƙasa:
"Wannan littafin naku, wa ya rubuta shi?"