Abin da Na Kai Yamai Na Dawo da Shi

Raguna biyu na sayar, da kirgi shida,
don a leƙa mini cikin kan Tasi'u.
Yini guda a mota zuwa Yamai,
yini guda muka dawo Damagaram,
hoton na cikin ambulan a kan cinyata,
na riƙe shi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Tun yana shekara bakwai ya fara:
ido ya ƙifta, ya ƙifta, ya ƙifta,
kafaɗar dama ta zabura sama
kamar ƙuda ya sauka a kanta,
sai wani ɗan "ihm" daga maƙogwaro
da ba ya neman izinin kowa,
ko a sahun salla.

Mushe Ilu na lakwal ya ce iskanci ne,
ya karya tsumagiya biyu a kansa.
Gwaggonsa ta ce iska ce, ta turara shi
har rigarsa ta yi warin hayaƙi.
Barira ba ta ce komai ba.
Da dare nakan ji ta tana ƙirga ƙiftawar.

Ni tabo nake nema.
Ɗan ɗigo baƙi, ko kamar ƙwayar gero,
in ɗora yatsa a kai in ce wa Mushe Ilu:
ga shi nan, wannan ka yi ta duka.

Likita Falmata ta ɗaga hoton ga fitila.
Ta ce, "Malam, me kake yi?"
Na ce baduku ne, a Birni, gindin dutse.
Ta ce, "To ka san ɗinkin ciki,
wanda mai saye ba ya gani.
Wannan fari-farin, zare ne,
shi ke kai saƙo daga nan zuwa can,
daga mai cewa motsa zuwa mai cewa tsaya."

Na ce, ina ya tsinke?

Ta ce, "Bai tsinke ba.
Sai an tara yara da yawa irinsa,
a tara wasu da ba sa yi,
a auna, a sake aunawa,
kana a ga kamar zaren ya ɗan bambanta.
Masu binciken ma ba su gama yarda da juna ba.
A kan yaro guda, ba abin nunawa.
Kan ɗanka lafiya lau."

Allah Ya yafe mini, ban yi murna ba.
Raguna biyu, ga shi ba tabo.
Sai da muka hau kabu-kabu
na ji kunya ta kama ni tun daga wuya:
uba ya je neman aibu a kan ɗansa,
ya rasa, yana jin haushi.

Ta dai rubuta wa lakwal takarda:
ba da gangan yake ba, a daina dukansa.
Ta ce da yawa yakan lafa in sun girma.
Ba ta yi mini alkawari ba.

Yau da la'asar a rumfa
ya zaro hoton ya kara a rana.
Ya ce, "Baba, kamar hanyoyin awaki
da ke bi tsakanin duwatsunmu."
Ya ce, "Ina ne nake ajiye Fatiha?"
Na ce ban sani ba. Ihm, in ji shi.

Na miƙa masa basilla da jar fata,
bakin alabe da ban gama ba.
Ya sunkuya, harshe a gefen baki,
huda, ja, huda, ja.
Na ƙirga ɗinki goma sha tara
kafaɗar nan ba ta motsa ba.
A na ashirin ta zabura.
Ya jira ta gama,
ya mai da basillar ramin da ya bari.