Aikin Dare a Cleveland

Ƙarfe biyu da kwata. Bakin tafkin Erie ya daskare,
ƙanƙara ta binne motata har madubi.
Ni kaɗai ne a ɗakin gwaji, ni da shayin da ya huce,
sai wannan abin da bai fi turmin daka yaji ba,
yana gurnani ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Shekara shida ke nan bai huta ba.
To, ya tsaya sau ɗaya, wata Talata,
amma wutar ginin ce ta ɗauke.
Loretta ta rubuta da jan biro: ba laifinsa ba ne.

Kansa a cikin zafi, ƙafarsa a cikin sanyi,
tsakaninsu iska ce muka kulle.
Ta ji zafi, ta kumbura, ta gudu,
ta ji sanyi, ta tsuke, ta dawo,
safa da marwa, dare da rana.
Fistan na bin iska, maganaɗisu na bin fistan,
ya shiga naɗin waya ya fito,
lantarki ya zubo.
Iyakar sirrin ke nan. Saura duk wahala ce.

Babana gyaran janareto yake yi a Funtuwa, bayan tasha.
Da kunne yake gane ciwo:
wannan fulogi ne, wancan baƙin mai ne ya ƙone.
Yakan goge hannu da tsumma ya ce,
duk abin da ke motsi, wurina zai dawo.

Baba, ga wanda ba ma so ya dawo wurin kowa.
Inda za shi ba bakanike, ba sifana,
ba yaron shago da za a aika ya sayo kusa.
Rana a can ba ta fi ƙwayar gero ba,
farantin sola sai ya zama faranti kawai.
Guzurinsa ɗan dunƙulen ƙarfe ne mai zafin kansa,
garwashin da ba ya neman fifita,
da shi kumbo zai ga hanya, da shi zai kira gida.

Shi ya sa muka hana ƙarfe taɓa ƙarfe.
Ratar ba ta kai kaurin gashi ba,
fistan a kan iska yake yawo, babu ɗigon maiko.
Loretta ta yi masa walda ta rufe shi ruf,
ta ɗaga gilashin fuskarta ta ce da ni,
Tanimu, daga yau sai dai mu saurara.

Na farkon da muka haɗa, rawar jiki gare shi.
Ya kwance kusoshi uku,
ya tunkuɗo kofin Desmond daga kan tebur.
Sai muka ɗaure biyu, baya da baya,
wannan ya tura, wancan ya tura,
rawar ɗaya ta cinye ta ɗaya.
Na tsayar da kwabo a kansu, bai faɗi ba.

Jiya takarda ta zo daga sama: kuɗin baɗi sai an gani.
Wataƙila ba zai taɓa barin wannan ɗakin ba.
Wataƙila ya tashi bayan na yi furfura,
ya wuce duniyoyin da ban iya kiran sunansu da Hausa ba,
yana wannan gurnanin inda babu kunne ko ɗaya.

Allo ya ce lafiya lau. Na rubuta lambar a littafi.
Sannan na duba ƙofa, babu kowa,
na ɗauko doguwar sukundireba,
na dafa bakinta a jikin ƙarfen,
na kara ƙotar a kunnena, yadda na ga ana yi tun ina yaro.

Na daɗe a sunkuye.
Ban ji abin gyara ba, Baba.