Gefen Shafi

A hawa na huɗu na asibitin Coimbra
tagata tana kallon kogin Mondego.
Na roƙi Graciete ta kawo min littattafan nan uku
da na koyar shekara arba'in,
waɗanda bayansu ya ɓare, zare ya fito.

A cikinsu mutane na mutuwa a tsanake.
Sarki ya tara 'ya'yansa, ya yi jawabi har shafi biyu,
numfashi bai yanke masa ba ko sau ɗaya.
Wata ta yi tari a farin hankici,
jinin ma ya fito da tsari, kamar ɗinkin hannu.
Ni kuwa, ina ɗan shekara ashirin da shida,
na rubuta da fensir a gefe: "Madalla da salo."
Ga shi nan a miƙe,
rubutun wanda bai taɓa jiran kwanon fitsari ba.

Ba wanda ya faɗa min ciwo gundura ne.
Ɗigon ruwan leda. Ƙarar keken magani.
Cokali ya gagari hannun da ya riƙe alli.
Shekaranjiya na tsara maganata ta ƙarshe, mai kyau,
na wayi gari ta gudu,
ba abin da ya rage a bakina sai kwaɗayin gasasshen kifi.

Amma kada in zalunci tsofaffin.
Wajen ƙarfe ukun dare, barci ya ƙi,
na faɗa kan layin da ban taɓa kula da shi ba:
bayan jawabin sarkin, bara ya sunkuya
ya ɗauke takalman daga gaban gado,
ya tsaya, ya rasa inda zai ajiye su.
Sau nawa na tsallake wurin nan a aji
ina saurin kaiwa ga hikima?
Ashe mai littafin ya taɓa kwana a ɗaki irin wannan.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na leƙa ƙasa. Nawa suna nan, baƙaƙe,
igiyar ɗaya a kwance tun watan Mayu.

Custódio mai gasa burodi, maƙwabcin gadona, ya juyo:
"Malam Abílio, me ke cikin abin nan?"
Na ce, "Mu ne."
Ya ce, "To karanta, amma ban da inda ake mutuwa."

Na lasa yatsa, na yi ta komawa baya
har inda ake shirin tashin jirgin ruwa,
ana loda albasa da gangunan ruwan sha,
ana faɗa a kan kuɗin dako,
kowa da ƙafarsa cikin takalmi.