Awon Gilashi

Da hantsi ta shigo rumfata a Katako,
Malama Habsu, mai koyarwa a Harobanda.
Ta zaro takarda daga tsakanin kwali biyu
kamar mai ɗauke da bakwaini.
Ta ce, Nomau, yi mata gilashi da katako,
kada manne ya taɓa ta, kada gumi.

Ni na saba da hoton angwaye, da shaidar lakwal,
da ayar da ake ratayewa bisa ƙofa.
Wannan ko tafin hannuna ba ta cika ba.
Launinta na jiƙon tsamiya,
gefenta gara ta ɗanɗana ta bari.
A sama ga ɗan mutum na tawada,
ƙunshi a sanda, ƙafa ɗaya a iska.

Na ce, cigiya ce? Wa ya ɓata?
Ta ce, bai ɓata ba. Gudu ya yi.

A ƙetaren teku aka buga ta,
tun kakan kakana bai yi kaciya ba.
Ta bi layin da farce, tana juya mini:
Ya tsere daren Lahadi. Bahaushe ne.
Dogo, ba jiki, haƙorin gaba ya guntule.
Tsage daga gefen baki har kunne.
Yana ɗingishi da hagu. Ya iya ɗinki.
Sunan da muka sa masa
sai ya ga dama yake amsawa.
Wanda ya kawo shi, ga ladansa.

Na ajiye ma'auni.
Wannan tsagen na san shi da yatsa:
a kumatun kakata yake, can Madawa,
ina ƙirga shi ina yaro har barci ya sace ni.
Wanzami ya yi shi don kada ɗa ya ɓace wa dangi.
Ashe da shi za a nuna shi ga mafarauta.

Babu wanda ya taɓa yi mini kallon tsaf
irin wanda maƙiyin nan ya yi masa.
Ya san haƙori, ya san ƙafa,
sunan yanka kaɗai ya gagare shi.

Wanda ya saya ya sa hannu a ƙasa.
Wanda ya sayar fa?
Babu shi a takardar, harshenmu yake ji.
Mu nan ba mu buga komai ba,
a baki muka adana namu,
sai an zo neman aure mu zaro shi
mu ce, a bincika asali.

Na tambaye ta inda ta samo.
Ta ce ɗan'uwanta ya saya a gwanjo can waje,
kuɗin ya kai na babur.
To. Har yau ana cin kasuwa da shi.

An kama shi?
Ta ce sau uku aka sake bugawa,
ladan yana hawa kamar Isa da damina.
Daga nan shiru.
Shirun nan, ban sani ba ko kabari ne
ko wata rumfa ce a bayan dutse,
dogon mutum yana zura zare a allura,
wata tana kiransa da sunan da uwarsa ta sani.

Na ja lu'ulu'u bisa gilashi, ya tsage tsaf.
Ban taɓa jin nauyin rufe abu ba sai yau:
kusurwa huɗu, mutum a tsaka.

Da la'asar ta dawo, ta ce nawa?
Bakina ya ƙi yanka kuɗi a kansa.
Na ce ta biya na gilashi kawai.
Ba ta juya bayan ba, da ta gani:
ƙusa bakwai na buga.
Ta takwas, ta gefen da ƙafarsa ta dosa,
tana aljihuna.