Abu Huɗu

Abu huɗu ne, in ji Mista Ogundipe
ranar da na kama aiki,
yana ƙirge da yatsu cikin safar roba:
ruwa, hatsi, yisti, da wani fure.
Na ce to, ranka ya daɗe.
Ban faɗa masa a gindin tukunyar burkutu aka yaye ni ba.

A Ikko ruwa ya kewaye mu kamar masu bin bashi.
Na teku gishiri, na kwata baƙi ƙirin,
na sama kuwa ba ya sallama.
Duk cikinsu babu mai shiga tukunyar kamfani
sai wanda aka zuƙo daga can ƙasa,
aka tace, aka kuma tacewa,
har ya manta garinsu.
Uwata Rifkatu rijiya ɗaya ta amince wa,
ta bayan coci, mai guga mai yoyo.
Ta ce ruwan rafi ya cika yawo, ba ya riƙe amana.

Sha'ir ta jirgi yake zuwa, ta Apapa, da takardunsa.
Dawa kuwa tamu ce.
Tireloli na kwana a bakin ƙofa,
direbobi na alwala a gefen taya.
Malam Tanimu ya ce da ni, "Ni buhu na ɗauko, 'yar nan,
abin da ya zama bayan katanga, tsakaninsa da katanga."
Na cusa hannu a buhun da ya yage,
ƙaiƙayi ya kama ni har wuya.
Wuni na yi ina susa, ina jin daɗin susar.

Ga sirrin da ba a rubuta a allo ba:
yaudarar hatsi ake yi.
A jiƙa shi, a lulluɓe,
ya zaci damina ta sauka,
ya fito da ɗan farin haƙori yana murmushi,
sai a shanya shi ya mutu a haka.
Duk zaƙin daga wannan sa ran yake.
Nakan tuna da haka a cikin danfo,
in na dubi fuskokinmu a gadar Ijora.

Yistinsu lamba gare shi,
yana kwana a ɗakin sanyi, sai da kati ake gaishe shi.
Na uwata a ƙoƙo yake, ƙarƙashin gado,
gadon kakata ne.
Shekarar da ya mutu mata,
gidan Talatu mai alade ta aike ni in ɗebo,
yadda ake ɗiban wuta.

Saura furen.
Ba shi da suna a bakinmu.
Daga ƙasar sanyi yake, an dunƙule shi kore-kore
kamar kashin awaki,
ɗacinsa ya kusa na maɗaci.
Shi ke sa kwalba ta yi wata shida tana jira
har wani ya saye ta, ya rufe ƙofa, ya sha shi kaɗai.
Tamu ba ta da wannan haƙurin.
Kwana biyu, ta koma tsami.
Dole a kira mutane,
dole ƙwarya ta zaga,
har wanda ake gaba da shi a miƙa masa.

Ran Litinin na saci dawa cikin tafin hannu.
Na jiƙa ta a gwangwanin madara, bakin tagata a Agege.
Yau ta tsira.
Na buga wa uwata waya, ta ce, "Da wane ruwa?"
Na ce na leda.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"To ki shanya kafin ta wuce."

Ban shanya ba.
Akwai wani tsohon bokitin fenti a bayan ɗaki.
Gobe in na taso aiki zan nemo ƙasa.