Gujiya Ashirin da Huɗu

Kwana bakwai da kai Tsahiru makwanci,
na naɗe takarda na nufi Limanci,
zauren Malam Sha'aibu, mai tsoron ha'inci,
in ji yadda za a yi rabawa.

Na karanta masa abin da yayana ya bari:
gonar albasa a Jiratawa, ɗaki biyu a gari,
jajayen awaki tara, amalanke da jaki fari.
Bashin taki jika sittin, mun biya tun da wuri,
wasiyya kuwa bai samu yi ba, ajali bai jira kowa.

Ya ce, "Su wa ya bari?" Na ce, "Inna, da ni,
da matarsa Barira." Ya ɗago ya dube ni.
"Barirar da ke miƙewa da ƙyar, tana dafa gini?
Mayar da takardarka aljihu. Akwai wani,
ba a taɓa ko allura sai bayan haihuwa."

Ya jawo ƙwarya, ya ƙirga gujiya bisa buzu,
ashirin da huɗu, ya ce, "Matso, ka gani yanzu.
In namiji ne, uku na Barira, tumuninta,
huɗu na Inna, sudusinta,
sha bakwai nasa." Ya buɗe tafi, ya hure.
"Naka ke nan. Ɗa in ya tsaya a ƙofa, ɗan'uwa ba ya wucewa.

In mace ce, sha biyu, rabi ta ɗauka,
na uwa da na mata suna nan, biyar ɗin saura naka."
Sai bakina ya riga hankalina:
"In ya zo bai yi kuka ba fa?"
Malam ya daɗe yana kallon tasbaha.
Ya turo goma gabana da bayan yatsa,
ya ce la'asar ta yi, ya fita bai waiwaya ba,
ya bar ni da su, da kunyar da ba ta wankuwa.

Wata biyu ina kai Barira awo bisa babur,
ina kauce wa ramuka, ina tafiya sannu,
amma da dare lissafi ya hau ƙirjina ya zauna:
babu, biyar, goma. Babu, biyar, goma.
Ni da Tsahiru ya goya ya ƙetare gulbi da ni ran da ya cika,
ruwa har wuyansa, yana ce mini, "Riƙe kunnena, kar ka saka."
Wai ni ne ke auna jininsa da tiya kamar dawa.

Daren naƙuda ruwan sama ya kwana yana zuba.
Ina gindin bedi, ƙofar asibiti, rigata sharkaf.
Aka yi shiru a ciki.
Shirun ya yi tsawo.
Na ji goman nan tana matsowa kusa da hannuna,
na ce, "Ya Rabbi, ƙwace ta! Ba na so! Ka ba shi numfashi!"
Sai ga wata 'yar murya, siririya kamar ta ɗan akuya,
ta tsaga ruwan, ta same ni durƙushe cikin taɓo ina rawa.

Ungozoma ta leƙo ta ce, "Namiji."
Ban taɓa yin asarar da ta yi mini daɗi haka ba.

Ran rabo Malam ya ba Barira nata, ya ba Inna,
ya ɗora sha bakwai ɗin nan a tafin hannuna.
"Ba naka ba ne. Riƙe masa har ya san ciwon kansa."
Zancen goma bai tayar ba, har yau bai tayar ba,
ni ma ban gaya wa kowa ba sai wannan takarda.

Bana albasa ta yi buhu talatin da ɗaya,
na rubuta har da ruɓaɓɓen, ban tsallake ko guda ba.
Inna na kiran yaron Audi. Ya fara rarrafe.
Kunnuwan ubansa ya kwaso, manya, masu daɗin riƙewa.